Furen da Ya Ci Irin Hansil

A ƙauyen Bamsil babu mai kiran Pyo Mandok da sunansa. Tun ranar da aka kawo masa amarya daga Hansil, wani ƙauye can bayan duwatsu, ita ta zama 'Yar Hansil, shi kuma ya zama Maigidan Hansil, yadda ake yi wa kowane magidanci a kwarin. Sauran maza ba su taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Shi kam ya tsaya masa a maƙogwaro. A Bamsil aka haife shi, a nan kaburburan kakanninsa suke jere a gefen tsauni, amma kusan shekara hamsin ana kiransa da sunan garin da zuwansa bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Garin ma yanzu babu shi. Tun 'yarsu Miran tana goye aka datse kogi, ruwa ya haɗiye Hansil da gonakinta da rijiyoyinta. Abu biyu ne suka tsira daga can: sunan da aka rataya masa, da irin barkonon da matarsa ta zo da shi a ƙullin tsumma cikin kayan aurenta.

Mandok manomin barkono ne kamar ubansa. Bai taɓa barin Bamsil ba sai lokacin aikin soja, sai kuma wasu 'yan shekaru da ya yi yana dakon siminti a Ulsan, ya dawo da ciwon baya da ƙin birni. An san shi da kunyoyin gona miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, an kuma san shi da rowar magana. Dashensa saye yake yi, irin kamfani, dogo, mai yawan 'ya'ya, wanda 'yan kasuwa ke so. Na matarsa kuwa gajere ne, mai kaurin fata, mai ƙyuyar haihuwa, ruwa ya ɗan yi yawa sai ya ruɓe a jikin uwarsa. "Barkonon marasa aikin yi" yake ce masa. Duk shekara sai sun yi cacar baki a kan 'yan kunyoyin da take ƙwata a bakin gona, duk shekara kuma sai ta shuka. Garinsa ake zubawa a miyar gidan da kabejin tsami. Yakan fara da zaƙi a harshe kafin yajin ya biyo baya a hankali. Mandok ya ci shi safe da yamma tsawon aurensu, bai taɓa cewa ya yi daɗi ba. In suka ci abinci a gidan biki dai, a hanyar dawowa yakan ce, "Mutanen nan ba su iya miya ba."

Haka maganarsu take. Ba ya kiran sunanta, ba ya kiran sunan komai. "Ke, abin nan fa?" sai ta miƙo masa lauje. "Wancan ya yi?" sai ta ce da saura. Shi a ganinsa wannan baiwa ce tasa, ta mutumin da ba ya ɓarnar kalma. Bai taɓa tsayawa ya lura cewa aikin duk ita ke yi ba, ita ke kallon idonsa da hannunsa da yanayin gari, ta gano abin da yake nufi.

Farkon sanyin bana ta faɗi. Ta dafa waken suya, ta kirɓa, ta cura shi manyan curi na meju, daddawar da ake miyar shekara da ita, ta ɗaure kowanne da karan shinkafa ta rataye a ƙarƙashin rufin baranda. Sannan ta sunkuya ɗaukar ludayi a bakin murhu, ba ta miƙe ba. Daga asibiti Miran ta wuce da ita gidanta a birnin Daegu, can saman wani dogon bene. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, harshenta ya yi nauyi. Mandok ya je ya kwana biyu, ya rasa inda zai sa kansa a gidan suruki, ya dawo.

Da sanyi tsofaffin Bamsil a zauren ƙauye suke cin abincin rana tare, mata su dafa, maza su zauna jikin bango suna gardama. A nan matar marigayi wansa, 'Yar Mulgol, ta tare shi. Tsohuwa ce 'yar firit mai murya kamar ƙararrawa, kuma tun yana saurayi take tsokanarsa.

"Maigidan Hansil, wa ya sa maka rigar nan a bai-bai? Ko sabuwar amarya ka yi ba mu sani ba?"

"Yaya, ki zuba mini miya ki bar ni."

"Zan zuba. Amma irin barkonon matarka fa? Lokacin jiƙo ya matso. Ka san ruwan bara ya cinye mata, ɗan abin da ta tsinta bai cika cokali biyu ba. Ba wanda ke da shi kuma a kwarin nan. Ka kawo mini in raina mata."

Wata daga bakin tukunya ta ce, "Ya san inda yake ma? Mutumin da bai san inda safarsa take kwana ba!"

Zauren ya ɗauki dariya, har da mazan, waɗanda su ma ba su san inda tasu safar take ba.

"Ba sai an raina mata ba," in ji Mandok.

"To wa zai yi? Mai shi tana Daegu."

"Gidan ai bai tafi Daegu ba."

A hanyar gida ya gaya wa kansa don ita zai yi. In bazara ta yi, aka kawo ta ta ga barkononta a tsaye, za ta ce a bar ta a gida, kuma Miran ba za ta iya hana ta ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar da ta sa shi sauri a kan ƙanƙarar hanya ba. Dariyar nan ce. Tun faɗuwar matar yake ganin wani abu a idon mutane, kallon da ake yi wa gidan da aka zare masa ginshiƙi, ana jira a ga ranar da zai zauna. Yana so watan dashe ya zo, ya fito da akwatunan tsiro kore shar ya ajiye a bakin ƙofa, bai ce wa kowa komai ba. Yana so su gane, ita ma ta gane, cewa abin da take ta wahala a kansa shekara da shekaru, tana hana shi motsi a ɗaki, ba wani abu ba ne. Iri ne da ƙasa da ruwa. Shi da ya noma barkonon da ya cika motoci, ɗan cokali biyu ne zai gagare shi?

Ya sami ƙullin a cikin wani tsohon gwangwanin alewa. Yadda take yi kuwa ya sha gani, irin ganin da mutum ke yi wa abu yana wucewa. Ya jiƙa irin a ruwan ɗumi, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya cusa ƙarƙashin bargo a kusurwar ɗakin ciki da ta fi ɗumi, inda hayaƙin murhu ke fara bi ta ƙarƙashin daɓe. Da fararen bakuna suka leƙo, ya ɗauko akwatunanta na katako marasa zurfi. Ya tuna takan soya ƙasar a kan faifan ƙarfe har ta yi tururi, ta gauraya da ƙonannen buntun shinkafa. Ya ɗauki wannan a kan fi'ilin mata. Wa ya taɓa soya ƙasa? Ya haƙo baƙar ƙasa daga gindin jujin taki, mai maiƙo, wadda ya san tana da ƙarfi. Ya tuna kuma ba ta taɓa shuka irin duka, takan mayar da rabi cikin gwangwani. Ya dubi ɗan abin da ke tafin hannunsa, ya ga rabinsa ba zai cika idon kowa ba. Ya watsa duka, ya ba su ruwa har ya kwanta, ya lulluɓe da leda.

Ita a ƙaramin ɗakin da ke kallon rana take rainonsu. Shi bai ga dalilin hura murhu biyu don mutum ɗaya ba. Ya jera akwatunan a ɗakin ciki, inda yake kwana, inda kuma curin daddawa ke kwance. Domin kafin nan Miran ta kira ta ce Mama ta ce a sauke su, a jera a kwali da karan shinkafa tsakaninsu, a rufe da bargo a ɗaki mai ɗumi don su yi fure. A Bamsil ba a cewa abu ya yi funfuna, cewa ake ya yi fure. Burodi in ya kwana ya yi fure, bango in damina ta daɗe ya yi fure, daddawa kuwa sai ta yi farin fure take zama daddawa. Ɗakin ya cika da warin nan mai nauyi da ya yi shekaru yana mita a kansa. Bana bai yi mita ba. Yakan shigo ya ja ƙofa da sauri kada ya fita.

Suka tsiro. Da fari a lanƙwashe kamar ƙugiyoyi, sannan suka miƙe suka buɗe kunnuwa bibbiyu, cunkus, akwati ya yi kore. Mandok ya durƙusa a gabansu da gwiwoyinsa masu ƙara, ya ji wani abu ya taso masa a ƙirji wanda bai ji ba ko ranar da gonarsa ta fi ta kowa. Ranar ya je zaure ya ci kwano biyu. 'Yar Mulgol ta dube shi ta ce ko dai amaryar ce da gaske.

Wata safiya ya ɗaga leda, ruwan da ya taru a jikinta ya zubo, ya ga fari-fari a kan ƙasar. Laushi gare shi kamar audugar rimi, ya shimfiɗu tsakanin tsirran, ya ɗan hau ƙafafunsu. Ya san wannan farin. Ya ɗaga bargon daddawa ya duba, ga shi nan iri ɗaya, ya lulluɓe curin. A kan daddawa albishir ne. A kan ƙasa fa? Gidan 'Yar Mulgol katanga ɗaya ce tsakaninsu, yana jin tarinta ma daga inda yake. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon katangar, ya hango yadda labarin zai isa zaure kafin shinkafa ta nuna. Ya koma ɗaki ya ɗauki waya ya kira Miran.

"Baba! Lafiya? Kai da ba ka kira."

"Ba ni uwarki."

"Ka ci abinci? Baba, kana shan maganin nan kuwa?"

"Ba ni ita."

Ya ji motsi, ya ji numfashi mai nauyi. Ya ce, "Ke. Abin nan ya yi fure."

Sannan muryar matarsa ta zo, kalma-kalma, kamar mai tauna dutse. "Fa… fari… ko baƙi?"

"Fari."

"Duka?"

"Kusan duka."

"Yawwa." Ya ji muryar ta ɗan washe, karo na farko tun faɗuwarta. "Ya yi kyau. Rufe. Ƙara… wuta. Kada iska… ta shiga."

"Kada a buɗe?"

"Kada… ka buɗe. Baban Miran, ka ji? Kada ka yi… naka."

Bai taɓa gaya mata ya shuka irin ba. Amma me ya taɓa gaya mata? Kwanakin nan duk babu abin da ke kansa sai akwatunan, don haka a wajensa "abin nan" ba shi da wata ma'ana. Ita kuwa tana zaune a kujera a saman bene, tana kallon rufin motoci, abin da ta bari a gida ba ta ƙarasa ba daddawa ce.

Ba za a ce bai ji ɗar ba. Manomi ne. Ya san tsiro yana son iska, ya san ƙasar da ba ta bushewa ba ta da alheri. Wani abu can ƙasan ransa ya ce masa ya sake kira ya faɗi sunan abin. Sai dai akwai daɗi a cikin umarnin nan. Wata biyu ke nan ba wanda ya ce masa kada ya yi nasa. Akwai kuma wani daɗin da ya fi wannan ɓuya: daga yanzu, duk abin da ya faru, ita ta faɗa. Ya ɗora nauyin a inda ya saba ɗora shi, ya ji kafaɗarsa ta yi sauƙi. Ya ƙara itace a murhu har daɓen ya gagari tafin ƙafa. Ya mayar da leda, ya ɗora tsohon bargo a kai. Ya bi duk wata kafa ta ƙofa da taga ya cusa tsumma, sai ta ƙasan ƙofa da katakon ya banƙare ya kasa toshewa sosai.

Da ya sake dubawa, wasu sun kwanta. Ganyensu kore ne lafiya lau, amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa, siriri kamar zare, kamar an matse shi da farce. Ya ce ƙishi ne, zafi ya yi musu yawa, ya ƙara ruwa. Washegari kwanciyar ta yi faɗi, da'ira-da'ira, kamar inda kare ya yi birgima a gonar alkama. Ya ɗaga ɗaya da yatsa, ya tsinke ba tare da ya ja ba. Ya daina zuwa zaure. Yakan zauna a ɗakin, gumi na bin wuyansa, ya ɗaga bargo ya duba ya mayar, ya ɗaga ya mayar. Ta ce ya yi kyau. Ta ce kada ya buɗe. Ya riƙe maganar da hannu biyu, don in ya sake ta babu abin da zai rage sai shi da abin da ya yi.

'Yar Mulgol ce ta zo da kanta, da rana tsaka, riƙe da kwanon jan wake da shinkafa.

"Maigidan Hansil! Ka mutu ne ba ka aiko an gaya mana ba? Fito da daddawar mutane in gani, ranar sa ta a gishiri ta kusa."

Kafin ya tashi ta ja ƙofa. Zafi da wari suka bugi fuskarta, ta ja baya tana fifita da hannu.

"Kai! Wanka kake yi a ciki ko gasa kanka kake? Wannan kuma mene ne a ƙarƙashin bargo?"

"Ba komai."

Ta riga ta yaye. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, tsokanar ta bar fuskarta, kuma wannan ya fi masa ciwo.

"Irin ne?"

"Shi ne."

"Ina rabin?"

Ya nuna mata akwatunan.

"Wayyo ni. Duka ka zuba." Ta dafa ƙasar da yatsa, ruwa ya taso. "Ƙasar juji, ɗanya. Ka kwantar da su ɗaki ɗaya da daddawa, ka toshe musu hanci, ka dafa su. Haba, ƙanin miji! Ko jariri aka yi wa haka ai sai ya tafi."

"Ita ta ce."

"Wa?"

"Na kira ta. Na ce ya yi fure, ta ce ya yi kyau, in rufe in ƙara wuta."

"Ka ce mata me ya yi fure?"

'Yar Mulgol ta dube shi, ta dubi kwalayen daddawa, ta sake dubansa. Ya ga lokacin da ta gane, kuma a idonta ya gane shi ma, ko kuwa a ce ya daina ƙin ganewa.

"'Abin nan,'" ta ce a hankali, tana kwaikwayon muryarsa. "Ko ba haka ka ce ba? Ku mazan gidan Pyo! Wan naka har ya mutu bai taɓa cewa 'ba ni ruwa' ba, sai dai ya yi gyaran murya. Buɗe ƙofar nan. Buɗe tagar. Ɗauko wancan."

Suka fitar da akwatunan baranda, bayan ƙofar gilashi inda rana ke sauka. A cikin haske ɓarnar ta fi muni. Biyu babu abin ɗauka a ciki. Na ukun, wanda ke daf da ƙofa, inda iskar nan da ya kasa toshewa take shigowa, yana da wani ɗan gefe da ya tsaya. Gajeru ne, waɗanda ya riƙa yi wa kallon marasa ƙarfi saboda sanyi ya hana su tsawo.

Ta sa shi ya hura wuta a waje ya soya ƙasar tsauni da yashi a kan faifan matarsa. Ya tsaya yana juyawa da shebur, tururi na tashi, bai ce komai ba game da fi'ili. Da ta huce, 'Yar Mulgol ta zauna da tsinkayen cin abinci tana ɗaga masu rai ɗaya bayan ɗaya, tana duba ƙafar kowanne a rana. Wanda ta ga ɗan duhu a gindinsa sai ta jefar, ko da ganyensa na sheƙi.

"Wannan ai lafiyarsa lau," ya ce.

"Ya riga ya mutu, bai sani ba ne. In ka bar shi sai ya ja maƙwabcinsa."

Ta dasa su a kofunan takarda da ta huda wa gindi, ta barbaɗa toka a kai. Duka suka shiga faranti ɗaya, har da sauran wuri. Ta ce ruwa a farantin zai zuba, su sha ta ƙasa, kuma sai saman ya bushe. Ta ce wanda duk ya kwanta a fitar da shi da kofinsa, kada a tsaya jinya. Sannan ta koma ɗaki ta fasa curi ɗaya na daddawa ta sansana.

"Ka ga wannan kuwa," ta ce, "tun da nake ban ga daddawar gidan nan ta yi kyau haka ba." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ka kira ta ka gaya mata. Da bakinka, da sunan abin. In ba haka ba ni zan kira."

Bai kira ba. Kowace safiya sai ya tarar da ɗaya ko biyu sun kwanta, ya ɗauke kofin ya kai juji, farantin na ƙara faɗi. Yana jira mutuwar ta tsaya, ya san abin da zai ce ya rage. Yana kuma shirya maganar a ransa, kuma duk yadda ya juya ta sai ya tarar ta fara da "ke kika ce".

Miran ce ta kira, ranar hutu da hantsi. Ta ce Mama na tambayar abin nan. Ya ji an miƙa wayar.

"Daddawa ta yi kyau," ya ce. Kalmar ta yi masa baƙunta a baki. "Yaya ta gani, ta ce ba ta taɓa yin haka ba."

"Yawwa."

"Amma ranar nan ba ita nake nufi ba. Barkono nake nufi. Irin Hansil. Na shuka shi, duka. Shi ne ya yi fure. Na rufe shi, ya mutu. Saura 'yan kaɗan, su ma ban sani ba."

Ya tsaya. "Ke kika ce" na kan harshensa, ya danne ta da haƙori. Ya jira kuka, ko faɗa. Ya shirya wa duka biyun, har ma yana son faɗan, don mai faɗa a kan abu tana nan tare da abin.

"To," ta ce.

"To me?"

"Bar shi."

"Ban gane ba."

"Bar shi… ya tafi. Na gaji." Ta ja numfashi. Maganar na fita da ƙyar, amma babu rawa a cikinta. "Innata ta ce… kada in bari ya mutu. Na riƙe. Da ta rasu… na so in bari. Sai ka ce… na marasa aikin yi ne." Wani sauti ya fito, ya ɗauka tari ne, ashe dariya ce. "Don kai… nake shuka shi. Don ka ƙi shi."

"Ke…"

"Nan… ina barci har rana ta fito. Ba mai ce mini… abin nan fa." Sannan ta ce, ba da zafi ba, "Ba zan zo dashe ba, Baban Miran. In kana so… naka ne."

Miran ta karɓi wayar tana cewa Mama ta gaji, kada ya sa abin a ransa, tun ciwon nan haka take faɗin duk abin da ya zo mata. Ya ce to. Ya san ba ciwon ba ne. Ciwon dai ya cire mata abin da take tare maganar da shi.

Ya daɗe zaune a baranda. Ya yi zaton igiya yake riƙe da ita wadda zai jawo matarsa gida, ashe ɗaya bakin ba a hannun kowa yake ba. Babu wanda zai burge kuma: zaure ya riga ya ji, ita kuma ba ta so. Ya ɗauki farantin ya fita da shi, ya nufi juji inda sauran kofunan ke zube cikin dusar ƙanƙara. Ya tsaya a can, iska na kaɗa 'yan ganyen. A tsakiyar kunnuwa biyun na wasu ya ga wani ɗan tsini ya leƙo, ganyen gaskiya na farko. Ya yi ƙoƙarin tuna ɗanɗanon miyar gidan biki, ya ga ita zai ci daga nan har ƙarshen ransa. Sanyi ya fara cizon yatsunsa. Ya juya bayansa ga iskar, ya rufe farantin da gaban rigarsa, ya koma da sauri.

Ya ajiye su a rana, ya taɓa saman ƙasar. Ta bushe, ko kuwa ba ta bushe ba, ya kasa tantancewa. Ya fita tsakar gida ya tsaya jikin katanga.

"Yaya!"

"Wa ke kira kamar gobara?"

"Zo ki duba mini barkonon nan. Ban sani ba ko lokacin ruwa ya yi."

"Wane barkono? Na matarka?"

Ya waiwaya ya dubi farantin.

"Nawa," ya ce. "Ki zo kafin rana ta juya."